Godiya ga waɗanda suka riƙe ni bayan na dawo daga fagen daga

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi. Da yawanku kun zo yi min barka da dawowa lokacin da aka sauya rundunarmu, kun gan ni a tsaye ba ko ƙwarzane, kun yi murna. Abin da ya biyo baya kuwa mutane kaɗan ne suka sani, kuma su nake son in gode wa yau a bainar jama'a.

Ke ce ta farko, uwargida. Ke kika ga yadda barci ya ƙaurace min, in kuma ya zo sai in zabura cikin dare jiƙe sharkaf da gumi, hannuna yana lalubar bindiga a gefen gado. Ke kika lura ba na zama sai na jingina da bango ina fuskantar ƙofa, kuma ƙarar rufe ƙofa kaɗai tana sa in daka wa yaro tsawa ba gaira ba dalili. Kika daina taɓa ni in ina cikin mugun mafarki. Sai ki kunna fitila, ki tsaya daga nesa, ki riƙa kiran sunana a hankali har in gane inda nake. Daga baya likita ya ce haka ake so a yi, alhali ba wanda ya koya miki. Kika kuma zaunar da yara kika ce musu Abba ba ya fushi da su, ba shi da lafiya ne. Allah ya saka miki da aljanna.

Sai sajan ɗinmu, wanda ya riga ni shiga wannan hali shekarun baya. Oga, ranar da na faɗa maka ƙirjina na bugawa kamar zai fashe, numfashina na sarƙewa, har na ɗauka ciwon zuciya ne, ba ka ce min in daure ni namiji ne ba. Cewa ka yi jikina ne bai samu labarin an tashe shi daga gadi ba. Kai da kanka ka kai ni asibiti, ka zauna a layi tare da ni.

Likitan da ya gan ni bai yi gaggawar sa wa abin suna ba. Sai da ya auna zuciya ya gwada jini, ya tabbatar lafiya lau suke, sannan ya tura ni wurin likitar ƙwaƙwalwa. Ita ta bayyana min cewa a inda mutuwa ke kusa, jiki kan saba da sakin sinadaran adrenalin da kotizol don ya kasance cikin shiri, kuma a wasu mutane wannan shiri ba ya sauka ko an dawo gida. Ta ce firgita a makonnin farko ba abin mamaki ba ne. Amma idan mafarkan, da gudun duk abin da ke tuna maka, da zabura, da rashin jin daɗin komai suka wuce wata guda suna hana ka rayuwa, to ana duba yiwuwar ciwon da ake kira PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Wani ma sai bayan wata 6 ko fiye yake bayyana masa.

Wani abu da ta gaya min ya tsaya min a rai. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, rundunar Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu da ragwanta, kuma ana jin da dama cikinsu wannan ciwo ne ya kama su. Sai a 2006 aka yi musu afuwa. Likitocin Amurka ma sai a 1980 suka shigar da ciwon cikin kundinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa, bayan abin da suka gani a jikin waɗanda suka dawo daga yaƙin Vietnam. Na yi kuka ranar, don na san ni an saurare ni, su ba a saurare su ba.

Maganin ba sauƙi. Kowane mako muna zama, ina ba da labarin ranar da aka yi mana kwanton ɓauna, kaɗan-kaɗan, har ya zama ina iya faɗa ba tare da hannuna na karkarwa ba. Ta gargaɗe ni kan ƙwayoyin barci na kan titi da duk wani abin maye, don suna danne abin na dare ɗaya su ƙara masa ƙarfi. Ƙwayar da ta rubuta min kuma ta ce in ba ta makonni kafin in ga aikinta. Likita, na gode da haƙurinki.

Mama, na ji tsoron yadda za ki ɗauki zancen likitan ƙwaƙwalwa. Sai kika ce in je, ke kuma za ki riƙe addu'a. Yaya, na gode da ɗaukar hidimar gidana a lokacin. Kwamandana da ya ba ni hutun jinya bai kira ni malalaci ba, Allah ya ƙara girma. Ku kuma da kuka gayyace ni taro ban zo ba, saboda cunkoso yana tayar min da hankali, kuka yi min uzuri, na gode.

Har yanzu ina zuwa asibiti, amma ina barci, ina wasa da yarana. Abokin aiki, in kana cikin irin wannan hali ka nemi likita, in kuma tunanin kashe kanka ya fara zuwa maka, kada ka kwana ba ka gaya wa wani ba. Ku sa waɗanda ke can har yanzu a addu'a, da iyalan waɗanda ba su dawo ba. Allah ya jiƙansu.