Tambayar da ta sa na goge jadawalina

Shekarar da aka ɗora mini kwas ɗin adabin Afirka a kwalejin da nake koyarwa, ban yi zaton zai zo hannuna ba. Fannina Hausa ne, musamman rubutacciyar waƙa. Abokin aikina da ke riƙe da kwas ɗin ya tafi ƙaro karatu, shugaban sashe kuma ya ce ni zan riƙe kafin ya dawo. Hutun nan kusan gaba ɗaya a ɗakin karatu na yi shi. Da aka koma makaranta na shiga aji da wani jadawali da nake ji da shi: a gefe sunayen ƙasashe, a sama nau'o'in adabi. Najeriya, Chinua Achebe a zube, Wole Soyinka a wasan kwaikwayo. Kenya, Ngugi wa Thiong'o. Senegal, Senghor a waƙa. Masar, Najib Mahfuz. A ƙasa na jera waɗanda suka ci lambar Nobel da shekarunsu: Soyinka 1986, Mahfuz 1988, Nadine Gordimer 1991, Coetzee 2003, Abdulrazak Gurnah 2021. Ɗalibai suka kwafe tsaf, ni kuma na ɗauka aiki ya yi kyau.

A mako na uku wata ɗaliba, matar aure ce da ke zuwa da goyo, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah, a cikin littattafan nan akwai wanda mahaifiyar marubucin za ta iya karantawa, ko a karanta mata ta gane?" Wasu suka yi murmushi. Ni dai na tsaya da alli a hannu, domin jadawalina ba shi da gurbin da zai amsa wannan tambaya. Na ce mata, "Ki ba ni lokaci, zan duba." Dubawar nan ta ci mini sauran zangon karatun.

Abin da na fara cin karo da shi shi ne taron da aka yi a Jami'ar Makerere ta Yuganda a 1962. Sunan taron da kansa ya keɓe shi ga marubutan Afirka masu rubutu da Ingilishi. Achebe ya je, Soyinka ya je, Ngugi ma yana wurin a matsayin ɗalibi. Amma D.O. Fagunwa, wanda tun 1938 Yarbawa ke karanta labarinsa na maharbi a dajin aljanu, ba ya cikin ƙa'idar taron. Shaaban Robert na Tanganyika, wanda masu jin Suwahili suke kira uban adabinsu na zamani, shi ma haka. Da an bi wannan ma'auni a gidanmu, da Abubakar Imam ya tsaya a bakin ƙofa, alhali Ruwan Bagaja ya fito tun 1934, shekara 24 kafin littafin Achebe na farko. Sai na lura jadawalina gadon wannan taro ne. Ni da nake koyar da Hausa da safe, da yamma na zo na rubuta "Najeriya" a allo ban sa Bahaushe ko Bayarabe ko ɗaya da ya yi rubutu da harshensa ba. Abin ya dame ni ƙwarai.

Labarin Ngugi ne ya fi tsaya mini a rai. A 1977 ya fitar da wani babban ƙagaggen labari da Ingilishi, mai sukar masu mulkin Kenya da attajiranta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ba a taɓa shi ba, har ma minista ne ya ƙaddamar da littafin. A wannan shekarar dai, shi da Ngugi wa Mirii suka shirya wasan kwaikwayo da harshen Gikuyu a ƙauyen Kamiriithu kusa da Limuru. Manoma da leburorin masana'anta su suka gina dandalin da hannunsu, su suka fito a wasan, su suka riƙa gyara wa marubutan karin magana da waƙoƙi inda suka kauce. Mutane suka yi ta tururuwa daga ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta janye izinin wasan, a ƙarshen Disamba kuma aka kama Ngugi aka tsare shi a kurkukun Kamiti shekara guda ba tare da shari'a ba. A can ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko da Gikuyu a kan takardar banɗaki. Jigon littafin Ingilishin da na wasan kusan ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne kunnen da maganar ta shiga, kuma masu mulki sun fi mu manazarta saurin gane wannan. Da na ji rasuwarsa a watan Mayun 2025, wannan dandali na Kamiriithu ne ya fara faɗo mini.

Daga nan na fara kallon layin saman jadawalin, wato nau'o'in adabi, da wani ido daban. A da ina ɗauka mutum yakan zama marubucin zube ko mawaƙi ne saboda baiwar da Allah ya ba shi kawai. Baiwa tana nan, amma sau da yawa mai sauraro ne ke zaɓar wa marubuci hanya. Usman Sembene na Senegal ɗan masunci ne, ya yi birkila, ya yi soja, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille a Faransa. A 1960 ya fitar da littafinsa a kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa Bamako, wanda aka yi a 1947 zuwa 1948. Littafi ne a kan talakawa, da Faransanci, kuma yawancin talakawan da ya rubuta a kansu ba sa karatun boko. Yana dab da shekara arba'in ya tafi Mosko ya koyi shirya fim. A 1968 ya fito da Mandabi da harshen Wolof, labarin wani dattijo da aka aiko wa kuɗi ta gidan waya daga Faransa, ofisoshi suka yi ta wasa da hankalinsa saboda ba shi da katin shaida. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa neman fansho zai gane dattijon nan tun kafin a fassara masa magana ɗaya. A wane gurbi zan sa Sembene, zube ko fim? Shi dai mutanensa ya bi zuwa inda suke.

Ban yarda a mayar da maganar ta zama tuhumar Achebe kan rubutu da Ingilishi ba, ko da yake wasu ɗalibaina sun so haka. Hujjarsa tana da nauyi. A ƙasa mai ɗaruruwan harsuna, Ingilishi ne ya sa yaro a Sakkwato ya san yadda Ibo ke fasa goro da yadda suke zaman shari'a, kuma Achebe ya tanƙwara Ingilishin har ya ɗauki karin maganar mutanensa. Shi ne kuma ya shafe shekara goma daga 1962 yana duba rubuce-rubucen jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin ɗab'i na Heinemann, inda matasa da yawa suka sami ƙofa, har da shi Ngugin. Shi ma ya san wa yake yi wa magana. Ya zaɓi ɗan makaranta, wanda aka cika wa kai da cewa kakanninsa ba su da tarihi.

Darasin da ya fi armashi a zangon shi ne makon da na haɗa Mariama Ba ta Senegal da Balaraba Ramat Yakubu. Littafin Mariama Ba na 1979 doguwar wasiƙa ce da wata malamar makaranta, Ramatoulaye, take rubuta wa aminiyarta tana cikin takaba. Mijin da ya rasu ya riga ya yi watsi da ita da 'ya'ya goma sha biyu bayan ya auri ƙawar 'yarsu. Ranar sadakar arba'in ɗan'uwan mamacin ya zo da maganar aure, ita kuma ta faɗa masa abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Ban gama ba da labarin ba matan ajin suka karɓe zancen. Ba wanda ya buƙaci in yi bayanin wata huɗu da kwana goma, ko abin da dangin miji ke yi da kayan gida ranar makoki. Sai na ajiye Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba a gefensa, inda Rabi ta tsinci kanta a waje da 'ya'ya tara bayan maigida ya kawo sabuwar mata. Na Mariama Ba an ba shi lambar yabo ta littattafan Afirka mai suna Noma a 1980, ana nazarinsa a jami'o'in duniya. Na Balaraba kuwa shekara da shekaru ana kiransa adabin kasuwar Kano da sigar raini, sai a 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassararsa ta Ingilishi. A ganina Mariama Ba ta fi zurfin shiga zuciyar tauraruwarta, kuma na faɗa wa ɗalibai haka. Amma ɗalibar nan mai goyo ta ce littafin Balaraba a gidansu da dare aka karanta shi da babbar murya, kakarta tana sa baki tana cewa wallahi ta san irin Alhajin nan. Ashe amsar tambayarta tana gidansu tun tuni.

Da na waiwayo fannina sai na ga abin da nake nema a Kenya da Senegal yana cikin darussan da nake bayarwa da safe. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba haka kawai take zaɓar harshe ba. Abin da ta nufi malamai da shi ta yi shi da Larabci. Abin da ta nufi matan karkara da shi ta mayar da shi waƙar Hausa mai sauƙin hadda, ta danƙa wa jajoji, wato malamai mata da ta horar, su kuma su kai wa ɗalibansu mata da ake kira 'yan taru a ƙauyuka, ana rerawa ana daka ko ana kaɗi. Ta rasu a 1864, kusan shekara ɗari kafin taron Makerere. Shekaru ina koyar da waƙoƙinta a matsayin tarihin jihadi, ban taɓa tunanin in sa ta a sahu ɗaya da Sembene ba.

Akwai abin da har yanzu nake jin nauyinsa. Maƙwabtanmu na kusa su muka fi jahilta. Ɗalibaina sun san marubutan Afirka ta Kudu amma ba su taɓa jin sunan Abdullahi Mamani na Nijar ba, wanda ya rubuta labarin Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Ɗayyib Salih na Sudan kuwa, yawancinmu ta fassarar Ingilishi muka san shi, alhali a ajina akwai yaran da suka yi Islamiyya har suna iya karanta shi da Larabcinsa.

Abokin aikina ya dawo, amma ya bar mini kwas ɗin. Yanzu a makon farko ba na rubuta sunan ƙasa ko ɗaya a allo. Nakan ce kowa ya je gida ya tambayi babban da ke kusa da shi wane labari ko wace waƙa ya haddace, kuma daga wa ya ji ta. A zangon da ya wuce wani yaro ɗan Zariya ya kawo baitoci shida na Imfiraji da kakansa ke rerawa bayan sallar asuba. Kakan bai taɓa riƙe littafin ba, Aliyu Namangi da ya tsara waƙar kuma makaho ne. Na sa yaron ya tashi ya rera mana, sannan muka buɗe Achebe.