Rasit 412 sun shige da kansu daren jiya

Daren jiya wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina zaune a ɗakina a Pantami na naɗe hannu, rasit 412 suka shige manhajar Kawu ɗaya bayan ɗaya cikin minti 38. Aikin da nake kwana biyu ina yi har idona ya yi ja. Sati bakwai ina fama da rubuta shirin kwamfuta da zai riƙa shigar da su da kansa, don haka yau sai kun yi haƙuri da surutuna.

Kawu taki da maganin feshi yake sayarwa a nan Gombe, yana da rassa a Kumo da Bajoga. Yaran rassan Excel suke turowa ta WhatsApp, ni kuma in zauna in shigar. Manhajar lissafin kayan ba a kwamfutarmu take ba, tana kan sabar wani kamfani a Legas, kuma ba da mstsc, manhajar Windows ta shiga kwamfutar nesa, ake shiga ba. Sun yi tasu ƙofar mai tambarinsu: ka sa suna, ka sa kalmar sirri, shi ke nan, babu wani saiti da za ka taɓa.

Ranar farko na buɗe pywinauto, kayan aikin Python na sarrafa tagogin Windows, da ƙarfin gwiwa na kira print_control_identifiers() don ya jero mini maɓallai da akwatunan manhajar. Tagar waje kawai ta fito, cikinta wayam. Inspect, manhajar Microsoft ta leƙa cikin taga, ma haka. Na san RDP, wato hanyar da ake bi a shiga kwamfutar nesa, hoto yake aiko maka, kai kuma ka aika masa motsin linzami da danna haruffa, amma sanin abu a ka daban, ganinsa a gabanka ƙarfe ɗaya na dare daban. Maɓallin da idona ke gani, a wurin kwamfutata ɗigo-ɗigon launi ne kawai.

Sai na koma wa PyAutoGUI da locateOnScreen ɗinsa mai neman hoto a allo don a danna, na yanko hoton kowane maɓalli. Da asuba abin yana tafiya kamar ruwa. Da an yi magariba, sabis ya yi nauyi, hoton yakan iso dishi-dishi kafin ya washe, shirin ya ce bai ga komai ba. Na sa OpenCV mai gwada kamannin hoto, na rage confidence, wato ƙarfin kamannin da ake nema, zuwa 0.8, sai ya fara ganin maɓalli inda babu shi. Rana ɗaya ya ajiye rasit guda sau biyu, buhu 60 na yuriya suka zama 120. Da safe Kawu ya kira ni.

"Kai, wannan aljanin naka haihuwar taki yake yi?"

"Kawu, kuskure ne, yanzu zan gyara."

"To ka gyara. In zai haifa, ya haifa a sito, ba a takarda ba."

Ga wata kuma wadda mu kaɗai ta dama: write() na PyAutoGUI ba ya buga ƙ da ɗ da ɓ, kuma ba ya ƙorafi, tsallake su kawai yake yi. Duk wani Ɗanladi ya koma anladi. Dabarar da kowa ya sani ita ce kwafe rubutun da pyperclip a liƙa, amma kamfanin sun toshe kwafe da liƙawa tsakaninmu da sabar.

Sati biyu na ɓata a kan hanyar manya. RDP yana da ƙananan hanyoyi a cikinsa da ake aika saƙon da ba hoto ba, ta nan sauti da na'urar buga takarda suke bi. Da su ne UiPath, kamfanin manhajar sarrafa aiki da kanta, suke aiki: a girka Remote Runtime ɗinsu a sabar, a girka wani yanki a kwamfutarka, su biyun su riƙa zance. Na duba da Process Explorer, mai nuna abin da manhaja ke lodawa, na ga ƙofar kamfanin mstscax.dll take ɗauka, wato injin Microsoft ne suka sa wa sabuwar riga. Na karanta yadda ake rubuta DLL, wato ɗan yankin manhaja, a yi masa rajista, na fara C++ ɗin da ban iya ba, na kai rabi na tsaya. Ban ga inda zan cusa shi a ƙofarsu ba, kuma ko da na gani, ba na son yin shisshigi a manhajar mutane. Amma a nan na ɗauki darasin: dole wani nawa ya zauna a can ciki.

Ashe ƙofar na buɗe tun farko. Akwai folda ɗaya da suka bari don sauke rahoto, a cikin sabar tana fitowa ƙarƙashin \\tsclient. Na rubuta ɗan aike, wato ƙaramin shirin da zai zauna a sabar, da pywinauto, na ɗaure shi da PyInstaller ya iya gudana shi kaɗai tunda babu Python a can. Ban sa shi a ɓoye ba, kuma ku ma kada ku yi. Na kira mai kula da sabar, na ce Oga ga abin da nake so, na tura masa kod ɗin ya karanta. Kwana tara yana cewa gobe, daga baya ya amince ya gudana a asusuna kawai. Da na kira print_control_identifiers() daga ciki, sunayen akwatuna suka zubo shafi guda. Sai da na tashi na zagaya ɗaki.

Na zaci an gama. Ashe yanzu aka fara.

Muddin ina kallon tagar, komai lafiya. Ina saukar da ita ƙasa don duba WhatsApp, sai ɗan aiken ya faɗi da wannan saƙo: There is no active desktop required for moving mouse cursor! Na haddace shi kamar karatun allo. Abin da ke faruwa, idan ka saukar da tagar, kwamfutarka tana gaya wa sabar ta daina zana allon, linzami kuma ba shi da wurin takawa. Maganin da aka sani shi ne RemoteDesktop_SuppressWhenMinimized, a ba shi 2, a rajistar saitunan Windows ƙarƙashin Terminal Server Client. Kwana biyu ina sa shi a sabar ina zagin wanda ya ƙirƙiro shi. A kwamfutarka ake sa shi, wadda kake shiga da ita. Na gyara, saukar da taga ya daina kashe shi.

Amma yankewar sabis fa? Wannan rajista ba ta maganinsa. A ɗauke wuta, na'urar intanet ta mutu, zaman ya yanke, saƙon nan ya dawo. Akwai tscon mai mayar da zaman kan allon sabar kanta, sai dai yana buƙatar ikon mai gida, ni kuma kunyar sake roƙon Oga nake ji. A satin nan kaɗai na ƙona data ta naira 14,000 ina gwaji, ban da man janareta. Wannan ta yi mini ciwo, don daga aljihuna ta fita.

Shekaranjiya bayan isha'i abin ya faɗo mini: me ya sa ma nake motsa linzamin? Al'adar da na taho da ita ce daga zamanin hoto. click_input() da type_keys() kwaikwayon hannun mutum suke yi, shi ya sa suke neman allo a buɗe. Ɗan aikena kuwa yana cikin gida, zai iya yi wa maɓallin magana kai tsaye. Na sauya kowane click_input() da invoke(), kowane type_keys() da set_edit_text(), jerin zaɓi kuma select(). Na cire time.sleep ɗin da na warwatsa ko'ina na sa wait(). Ɗanladi ma ya dawo da Ɗ ɗinsa, tunda yanzu ba bugawa ake yi ba, rubutun ake miƙawa gaba ɗaya.

Abu ɗaya ya sake kayar da ni a gwajin farko: in zaman ya yanke, \\tsclient ma ɓacewa take yi, ga Excel ɗin a cikinta. Yanzu ɗan aiken yana fara kwafe fayil ɗin zuwa sabar, kuma duk rasit ɗin da ya ajiye sai ya rubuta lambarsa a gefe, ya duba kafin ya shigar da na gaba, don kada taki ya sake haihuwa. Jiya da gangan na zare wayar intanet a rasit na 150, na je na sha shayi na dawo. Na shiga na tarar yana kan na 290 da wani abu.

Akwatin kwanan wata ne har yanzu ya gagare ni. set_edit_text() yana canza abin da ido ke gani, amma in aka ajiye sai manhajar ta riƙe ranar da ke ciki tun farko. Zatona ba ta karɓar sabon kwanan sai an fita daga akwatin da Tab, wannan kuma ya mayar da ni ga allo a buɗe. A yanzu rana-rana nake tara rasit, in sa kwanan da hannu sau ɗaya in saki ɗan aiken. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan akwati, don Allah ya gaya mini ta ina ya bi.