Tsuntsaye biyu masu kama da juna a fadamar Argungu

A fadamar Argungu na koyi rarrabe tsuntsaye biyu masu dogon baki da Turawa ke kira sinaif. Masana suna kiran babban Gallinago media, ƙaramin kuma Gallinago gallinago. Duka baƙi ne daga Turai da Rasha. A ƙasa kusan ba a ganinsu, domin launinsu ya saje da busasshiyar ciyawa, sai an tashe su.

Mukan jera mu huɗu da sanyin safiya, tsakaninmu taku goma, mu ratsa gefen gonakin shinkafa a hankali. Idan tsuntsu ya tashi, daƙiƙa biyu zuwa uku kawai mutum ke da su ya gane wanne ne.

Ƙaramin yana zabura da kuka mai kaushi, ya yi ta karkacewa dama da hagu, ya lula sama. Cikinsa fari ne fat. Babban kuwa da nauyi yake tashi, galibi shiru, ya miƙe ƙasa-ƙasa, ya sake faɗawa ciyawa nan kusa. Cikinsa zane-zane ne, kuma idan ya buɗe wutsiya zai sauka, gefunanta biyu farare ne ƙal. Wutsiyar nan ita ce shaidar da na fi yarda da ita. Girma yana ruɗin ido, tsawonsu bai bambanta da fiye da santimita biyu ko uku ba.

Kuskurena na farko lokaci ne. A Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, ni ma a lokacin na nemi babban, ban same shi ba. Shi a ƙarshen Agusta zuwa Satumba yake sauka yankinmu, ya yi 'yan makonni, ya wuce kudu wajen Kwango. Waɗanda aka ɗaura wa na'urar bin diddigi a Suwidin sun yi tafiyar kilomita 4,300 zuwa 6,800 ba tare da sauka ba. Kuskure na biyu, tunda kusa yake sauka, sai a ƙirga guda sau biyu. Dole mutum ɗaya ya tsare inda ya faɗa da ido.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ƙaramin cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, babban kuma cikin waɗanda ke dab da shiga haɗari, saboda ana busar da fadamun da yake hayayyafa a gabashin Turai, ga farauta. Shi ya sa rubuta su da suna ɗaya a takardar ƙidaya yake damuna, yawan ƙaramin sai ya rufe ƙarancin babban. Wanda ban ga wutsiyarsa ba, layi daban nake ba shi.