Allurar da ta sa na samu sauƙi bayan aikin baya

Alhamdulillah yau sati uku kenan da aka yi min aiki a ƙasan baya, inda faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya zame yake danne min jijiya har ƙafa. Wallahi ba wuƙar nake tsoro ba, raɗaɗin da zan farka da shi ne ya hana ni sakat.

Likitan da ke sa barci ya zauna ya yi min bayani, ya ce zai duba da na'urar sikanin ya sa maganin kashe zafi irin su bupivacaine a ƙarƙashin tsokar gefen ƙashin baya, dama da hagu, maganin ya bazu ya tare jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa. Ina cikin barci aka yi, ban ma san lokacin ba.

Da na farka nauyi kawai nake ji a wajen, ƙafafuna suna motsi lafiya lau, mofin, wato maganin ciwo mai ƙarfi da kan jawo amai da jiri, kaɗan aka ba ni shi ya sa ban sha su ba, washegari har na taka da taimakon nas.

Amma fa jama'a allurar ba ta wuce yini guda, tawa cikin dare ta sake ni kuma na ji jiki sosai, don na ƙi shan farasitamol da aka kawo da yamma ina ganin na warke. Don Allah duk wanda za a yi wa, ya sha maganinsa kan lokaci tun allurar ba ta sake shi ba, ya kuma faɗa wa likita in yana shan maganin tsinka jini.