Lamba a Hannu Kafin Suna

Da aka fara koya mana tantance waɗanda hatsari ya rutsa da su, an ce kada mu wuce minti ɗaya a kan mutum guda. Tsarin START ne, na ɗaura wa kowa katin takarda mai launi gwargwadon tsananin rauninsa, wanda wani asibiti da 'yan kwana-kwana suka fito da shi a Kalifoniya ta Amurka a 1983. Wanda ya iya takawa da ƙafarsa, kore. Wanda numfashinsa ya haura 30 a minti, ko aka danna farcensa jini bai dawo ba cikin daƙiƙa 2, ko ba ya gane abin da ake faɗa masa, ja. Mai iya jira, rawaya. Baƙi na wanda numfashi bai dawo masa ba ko bayan an buɗe masa hanyar iska.

Matsalar katin takarda ita ce ba ya magana. Ka ɗaura wa mutum rawaya, jini na zuba a cikinsa, ka dawo ka tarar ya zama ja babu wanda ya sani. Shi ya sa na yi murna da na'urar yatsa mai auna iskar oksijin da bugun zuciya, tana aika sakamako ta Bluetooth zuwa waya, kowane majinyaci da lambarsa a abin hannu. Bugu ya fara sauri, wayar ta yi ƙara.

Wani dare cikin hunturu aka kawo mana mutanen wata bas da ta kife a hanyar Kano. Sanyin Zariya ya sa yatsu sun ƙandare, na'urar ta ƙi karanta komai a hannun wata amarya da ta sha baƙin lalle. Na ajiye ta, na kama wuyan hannunta, na ƙirga numfashinta da ido. Daga baya na karanta wani bincike da aka yi a Jami'ar Mishigan a 2020, wanda ya nuna na'urar tana yawan ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata. Tun lokacin, in sakamakon na'urar ya yi kyau amma leɓe ya dushe, leɓen nake bi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa wani saurayi ne da ya suma. Na sami waya a aljihun rigarsa, na kira lambar da aka rubuta "Mama", na shigar da sunan da ta ba ni. Ta taso daga Tudun Wada a keke napep, ko mayafi ba ta gyara ba. Ta dube shi ta ce, "'Yata, wannan ba ɗana ba ne." Masu ceto ne suka tsinci wayar a gefensa suka zura masa a aljihu. Da ya cika a daren, da an kai shi makwanci da sunan wani, domin mu ba ma jinkirta jana'iza.

Ba a banza hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ta ɗauki zanen yatsa, haƙori da gwajin DNA a matsayin manyan hujjojin gane gawa ba, kaya da takardun aljihu kuwa taimako ne kawai. Yanzu lamba nake fara sawa, in ɗauki hoton fuska da lambar a jiki, in rubuta waya ko kati a ƙarƙashin "an same shi da". Ina kuma sake rubuta lambar da alƙalamin maka a kan filasta, saboda caji yana ƙarewa, sabis ma yana ɗaukewa.

Ɗan matar yana cikin masu kore, zaune a kan benci da tsagewa a goshi. Saurayin nan kuwa ya kwana biyu da lamba kawai, har ya farfaɗo ya faɗa mana sunansa da bakinsa.