Dare Ɗaya a Filin da Callas Ta Fara

Daga Milan zuwa Verona, jirgin ƙasa mai sauri ba ya cin awa ɗaya da rabi. Na sauka a tashar Porta Nuova da la'asar, na taka da ƙafa kamar minti 20 zuwa dandalin Piazza Bra. Nan Arena take, filin wasan da Rumawa suka gina da dutse tun ƙarni na farko, wanda aka fara yin opera, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa, a cikinsa a 1913. A wannan dandamali shahararriyar mawaƙiyar opera Maria Callas ta fara fitowa a Italiya, cikin Agustan 1947, tana 'yar shekara 23, a wasan La Gioconda, Tullio Serafin na jagorantar makaɗa.

Tikiti mafi araha na matakalar dutse ne, can sama. Dutsen ya wuni yana shan rana, ka zauna ka ji kamar kan tanda, don haka ka yi hayar matashi. Ana farawa wajen tara na dare. Idan yayyafi ya sauko, makaɗa sukan kwashe gogensu su gudu, saboda ruwa na lalata katako da tsirkiya.

Abin da ya kai ni saman shi ne in ji yadda muryar mace ɗaya ke ratsa makaɗa da yawa ta iso kunnen na ƙarshe. A zamanin Callas ba a amfani da lasifika a filin, kuma ihu ba ya yin wannan aiki. Soprano, wato mai murya mafi sama, takan buɗe haƙarƙarinta na ƙasa ta cika huhu ba tare da ɗaga kafaɗa ba, sannan ta riƙa sakin iskar kaɗan-kaɗan da tsokar ciki. Italiyawa na ce wa wannan appoggio, jingina ke nan. A ƙololuwar muryarta, tantanin maƙogwaro na kaɗawa fiye da sau 1,000 a daƙiƙa, shi ya sa take sauke muƙamuƙi sosai, kalmomin su ɗan dushe amma sautin ya yi nisa. Mawaƙiyar da na gani a daren, ko daga nesa ana lura kafaɗunta ba sa motsi, sai ɗamarar rigarta da ke buɗewa kafin kowace doguwar jimla.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne passaggio, gaɓar da murya ke sauya mazauni daga tsakiya zuwa sama. Wadda ta ɗauko nauyin muryar ƙirji ta haura da shi, wuya zai ƙage, sautin ya yi ƙasa da inda ya kamata. In aka daɗe ana haka, rawar murya da ta saba kaɗawa sau biyar zuwa bakwai a daƙiƙa sai ta yi sanyi ta faɗaɗa, ta koma lilo.

Callas ta koyi sarrafa murya a Atina wurin Elvira de Hidalgo. A Janairun 1949 a Venis ta fito a matsayin Brünnhilde a operar Wagner, mai nauyin gaske, cikin 'yan kwanaki kuma ta koma matsayin Elvira a operar Bellini, mai buƙatar sauri da laushi. Wannan ya ɗaga sunanta, a ganina kuma tun nan ta fara cin bashin da ta biya daga baya. Tsakanin 1953 da 1954 ta rage kilo sama da 30, kuma har yau malaman murya na gardama ko ramar ce ta raunana mata numfashi. A Janairun 1958 ta bar wasan Norma a Rum bayan kashi na farko, shugaban ƙasar Italiya na zaune. Wasanta na opera na ƙarshe Tosca ne a Landan, 1965. Ta rasu a Paris a 1977.

An tashi bayan sha biyun dare, dutsen ya huce, sanyi ya fara shiga. Duk mai zuwa ya kama masauki a Verona tun da wuri, ya kuma riƙo rigar sanyi.