Igiya, ludayi da asusu: inda muka kwana

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata. Ga bayanin inda aka kwana a shirinmu na rage ƙiba da tattalin kuɗi tun bayan Babbar Sallah, saboda waɗanda muka faro tare da kuma sababbin da ke tambayar ta ina za su kama.

Tambayar da ta fi yawa ita ce ko dole sai an shiga ƙungiyar rage ƙiba ta kuɗi. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun daɗe a ƙasashen Turawa. Weight Watchers an kafa ta a New York a 1963, asalinta kuwa wata matar aure ce, Jean Nidetch, da ta riƙa tara ƙawayenta a gidanta suna faɗa wa juna gaskiya a kan cin abincinsu. Slimming World kuma a Ingila ta faro a 1969. In kika duba da kyau, ginshiƙin aikinsu biyu ne: a hau sikeli kowane mako a gaban wani, sannan a zauna a tattauna. Yanzu irinsu sun iso mana ta waya, ki biya kuɗin wata a turo miki jadawalin abincin da ko a kasuwar Sabon Gari sai kin sha yawo kafin ki haɗa shi. Ban ce ba su da amfani ba. Akwai wadda sai ta ji kuɗinta sun fita sannan take riƙe abu da gaske, ita kam ta shiga, in dai mai koyarwar ta san aikinta. Amma a ganina abin da suke sayarwa muna da shi tun kaka da kakanni a cikin adashi. Ranar zubi ba ta gocewa, uwar adashi ba ta jin nauyin tambaya, kuma ba mai son a ce ita ce ta karya layi. Shi ya sa muka ɗora awonmu a kan zubin Asabar. Kowacce ta miƙa kuɗinta, ta hau sikeli, a rubuta duka biyun a littafi ɗaya.

Sikelin ɗaya ne, a kan siminti muke ajiye shi, ba a kan darduma ba, kuma da safe kafin karin kumallo. Ni na sauko daga kilo 91 zuwa 85. Ba yawa ba ne ga mai gaggawa, kuma har yanzu ina cikin masu ƙiba a lissafin asibiti, inda ake raba nauyi (a kilo) da tsawo sau tsawo (a mita), a duba lambar da ta fito: 25 zuwa sama nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama ƙiba ce. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002. Mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, sai haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo 6 ne da ɗan ɗoriya. Ba sai kin koma jikinki na budurci ba kafin lafiyarki ta amfana.

Wadda ba ta da sikeli kuma ta nemi igiya. Ki auna tsawonki da ita daga ƙasa har tsakar kai, ki yanke, ki ninka biyu, ki zagaya cikinki da ita daidai saman cibiya. In bakunan biyu suka haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gabanki, domin kitsen ciki shi ya fi tafiya da hawan jini da suga. Tawa tazarar da farko ta fi tafin hannu, yanzu yatsu uku ne. Na fi son igiyar nan a kan sikeli, don ba ta ruɗa mace a makon da jiki ya riƙe ruwa saboda al'ada.

Yanzu ga kicin, inda mafi yawan aikin yake. Ban daina cin tuwo ba, kuma ba zan ce wa kowa ta daina ba. Malmala biyu ce ta koma ɗaya, miya ta ƙaru. Kuka, kuɓewa, karkashi, taushe mai yawan kabewa da alayyahu, duk suna cika ciki ba tare da sun nauyaya jiki ba, matuƙar ba a malala musu mai ba. Man shi ne inda muke yaudarar kanmu. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kusan kalori 120 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), mu kuwa da bakin galan muke tsiyayawa. Na ware ƙaramin ludayi na rataye shi kusa da murhu, da shi kaɗai nake zuba mai a tukunya. Maigida bai lura ba sai da na faɗa masa, yara kuma har yau ba su sani ba. Galan ɗin da kan ƙare kafin albashi yanzu yana tsallaka wata.

Sai fate. An daɗe ana tsokanar Zazzagawa da shi, amma a wannan tafiyar ban ga abincin da ya kai shi ba. Tsaki kaɗan, ruwa da yawa, yakuwa da alayyahu ko rama har sai sun rinjayi tsakin, ɗan wake ko dakakkiyar gyaɗa a ciki. Kwano guda da rana yana kai ni magariba ban waiwayi cincin ba. Haka kwaɗon zogale, in an sassauta ƙuli da mai, da dambu mai yawan ganye, da alale dafaffe maimakon ƙosai ko awara da suka yi iyo a kasko. Duk abincin gidanmu ne, ba wanda za a ce an ware wa Mama tukunya daban, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake iya ɗorewa a kai.

Abin sha ya fi ba mu wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa ya fi kyau kada ya wuce kusan gram 25 a rana, wato ƙaramin cokali shida. Robar lemo guda ta wuce wannan ita kaɗai. Kunun zaƙi da zoɓon sayarwa ma ba baya ba ne, haka shayin safe mai madarar gwangwani. Zoɓo nake dafawa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, sukari ɗan kaɗan. Makon farko baki ya yi ta ƙorafi, daga baya ya saba. Shayin rage tumbi da ake tallatawa kuwa ku yi hattara da shi. Da yawansu filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sawa, ruwan jiki ya fita sikeli ya sauka, kitse yana nan inda yake. Mai shan maganin suga ko na hawan jini kuma kada ta sauya cin abincinta sosai, ko ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis da niyyar rage jiki, sai ta yi magana da likitanta tukuna.

Tafiyar ƙafa muna yin ta bayan asuba, rabin awa, kwana biyar a mako, shi ne minti 150 ɗin. 'Yan Samaru sun fi mu sa'a da inuwar bishiyoyin jami'a. Mu na Tudun Wada layukan unguwa muke bi, cikin hijabi da takalmi mai laushi, mu uku ko huɗu.

Kwashe tarkace bai kasance cikin shirin ba da farko, wata Hajiya a cikinmu ce ta kawo shi, ta ce wadda ba ta san abin da ke cikin sif ɗinta ba, ba za ta san abin da ke fita daga jakarta ba. Muka ɗauki kusurwa ɗaya kowane mako. Ƙarƙashin gadona na samu kuloli da samiru na kayan aure da ba a taɓa buɗe kwalinsu ba, da atamfofin anko da aka ɗinka aka sa rana ɗaya. Masu kyau na ba dillaliya, tsofaffin ƙarafa da fasassun robobi 'yan gwangwan suka auna suka biya, tufafin yara aka kai wa masu buƙata. Akwai kwallar mahaifiyata guda biyu da na goge na mayar wurinsu, waɗannan ba na sayarwa ba ne. A sito kuma na gano ina sayen taliya da magi alhali akwai wasu a bayan buhu. Tun da na jera komai a gaban ido, cefane ya ragu da kansa.

Kuɗin dillaliya, da na lemo, da na Keke Napep ɗin da ƙafa ta maye gurbinsa a tafiyar kusa, duk asusun katako suke shiga, mai ƙusa, wanda ba ya buɗuwa da daɗin rai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ta san yadda kuɗin mota da na abinci suka koma, don haka ɗan abin da aka tsira da shi ba ƙarami ba ne. Nawa asusun zan fasa shi yanzu da kaka, in sayi masara da wake tun suna da sauƙi.

Abin da ya fi ci min rai ba yunwa ba ce, maganar mutane ce. "Maman yara, lafiya kuwa? Kin rame, ko wani abu ne a gidan?" A wurinmu ƙiba shaidar hutu ce, har 'yan mata na shan sha-ka-fashe don su cika kafin aure. Wata ƙanwarmu ta kusa janyewa saboda surukarta ta ɗauka rashin kula ne daga ɗanta. Sai da uwar adashinmu ta je da kanta ta gaishe ta, ta yi mata bayanin hawan jinin da likita ya gani, sannan tsohuwar ta sa albarka. Ku faɗa wa manyan gida tun farko, da ladabi, kafin su gani a jikinku.

Sikelina ya tsaya cik a 'yan makonnin nan, kuma 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya ta ce hakan yakan faru, jiki ƙarami ba ya ƙona abinci kamar babba. Ga hunturu ya kunno kai, fitar asuba za ta yi wuya, ga bukukuwan ƙarshen shekara da ankonsu da soye-soyensu. Shawarar da muka yanke ita ce a mayar da tafiya bayan la'asar har sanyi ya wuce, anko ɗaya tak kowacce za ta yi a Disamba, kuma a ci fate a gida kafin a tafi wurin biki. Asabar mai zuwa kowacce ta zo da igiyarta da ludayin manta, za mu gwada su da babban cokali mu ga nawa kowanne yake ci.